KUNYA DABAN, TSORO DABAN: A AUNA YARANMU DA MUDUNMU

Ya 'yan'uwa mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu, akwai wata magana da muka daɗe muna kau da kai daga gare ta, yau kuwa sai mun faɗe ta.

Dubi yaronka ɗan shekara 13 ko 14. A gida Hausa, a makaranta Turanci, a kasuwa Ibo ko buroka. In ya buɗe baki a aji sai a yi wa harshensa dariya, a ce masa "aboki". Wani ya tashi da labarin rikicin Anaca na 2006, wani ya ga na Oyigbo da idonsa a 2020. Sannu a hankali sai ya daina magana, ya ƙi aike, ya tsiro da ciwon ciki kowace safiyar makaranta. Mu kuwa sai mu ce: "Madalla, yaron nan akwai kunya!"

To, wannan yaudarar kai ce. Kunya ta san wanda take yi wa: uba, malami, suruki. Amma yaron da gumi ke keto masa, murya na rawa a gaban tsaransa, ba kunya ke damunsa ba, ciwon tsoron mutane ne. Likitoci sun san shi, galibi a shekarun balaga yake somawa, kuma yana da magani.

Sai dai wane mudu za a auna shi da shi? A 1987 likita Michael Liebowitz na Amurka ya tsara ma'auni mai tambayoyi 24. Ɗaya daga ciki ita ce ko mutum na jin tsoron kallon baƙo ido cikin ido. Jama'a, ashe ɗan da muka hora ya sunkuyar da kai gaban babba, shi za a rubuta wa maki na majinyaci? Mudun wani gari ba ya awo a kasuwarmu sai an daidaita shi.

Saboda haka kiranmu biyu ne. Masana su mayar da irin waɗannan tambayoyi cikin Hausa, su gwada su a kan yaranmu, su raba ladabi da firgici. Sarakunan Hausawa da limamai da malaman Islamiyya kuma su buɗe musu ƙofa, iyaye su daina ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa abin gori ne. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A Inugu ma akwai asibitin tarayya na wannan fanni.

Ku tuna, a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu. Da tsoron mutane ya ɗaure masa harshe, wa zai zaɓe shi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu gane, amin.