Filin Mata: Linzamin Zuciya

Yau zancen zuciya za mu yi, da yadda mace za ta riƙe linzaminta har ta sami biyan bukata.

Ku matan Panshekara, da yawanku mazanku a kamfanonin Challawa da Sharada su ke aiki, waɗansu har Bompai su ke zuwa. Mai aikin majema ko na roba, in ya kwana tsaye gaban inji, da safe zai komo kunnensa na ƙugi, idonsa ja wur. Kuma tun da masaƙu da yawa suka rufe daga shekarun 1990, ma'aikaci da tsoron sallama ya ke kwana. Ke kuwa gawayi ya ƙare, ga yaro an koro shi don kuɗin makaranta. Gaskiyarki ce, ba mai musu. Amma in kika tare shi da ita tun daga zaure, tsawa za ki sha, yaron kuwa ya ƙara kwana a gida.

Wani Ba'amurke, Daniel Goleman, ya wallafa littafi a 1995 a kan wannan. Ya nuna kaifin ƙwaƙwalwa daban, sanin zuciya daban, watau mutum ya gane abin da ke cinsa a rai, ya iya riƙe kansa, ya kuma karanci halin da na gabansa ke ciki. A wurinmu ba baƙon abu ba ne, hankali da haƙuri mu ke ce masa. Abin lura dai shi ne koyonsa a ke yi, kamar tuƙin tuwo.

To, ga yadda za ki fara. Sa'ad da fushi ya taso, zuciya na bugawa da sauri, kunne kuma ba ya jin magana, kuma jiki ya kan ɗauki kamar minti 20 kafin ya lafa. Kada ki ce uffan a wannan tsakani. Tambayi kanki: fushi ne wannan, ko tsoro? Sau da yawa za ki tarar tsoron kada yara su kwana da yunwa ne ya sa rigar fushi. Kai masa ruwan wanka, ya ci, ya rintsa. In ya farka ki ce, "Maigida, Litinin ce ranar ƙarshe ta kuɗin makarantar yaron nan, yaya za mu yi?" Bukata ɗaya, da ranarta. Laifinsa na bara kuwa, bar shi a bara.

Ban ce ki haɗiye zalunci ba fa. Inda akwai duka ko hana abinci, wannan maganar iyaye da waliyyai ce, kada ki ɓoye.

Kuma ba a koyon abin nan a kaɗaice. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da dattawan mata da a ke kira jaji, ta kan ba kowacce malfa, su koma ƙauyuka su koyar da mata 'yan'uwansu. Su ne 'yan taru. Ke ma nemi uwar ɗaki, dattijuwa mai riƙe asiri. Ga yadda za ki gane ta gari: in kin kai mata ƙara, ba za ta ce "Ai ni da ni ce" ba. Za ta tambaye ki, me kika ce masa, a wane lokaci, me ki ke so ya faru? Wadda ta fara da zagin mijinki, gaishe ta ki wuce.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce sai an kai ku ɗaki. In malama ta yi miki faɗa gaban aji, kada ki tura baki. Jira a tashi, ki same ta ita kaɗai, ki ce, "Malama, don Allah a nuna mini inda zan gyara." Da dare ki rubuta a bayan littafinki abin da ya ɓata miki rai da abin da kika yi a kai, ran Juma'a ki kai wa yayarki ko gwaggonki ku duba tare.