Taswirar Magarya da Dungas: aikin gayya ne

A shekarar 2004 wani Baturen Ingila, Steve Coast, ya kafa OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet wadda kowa ke da izinin gyarawa kyauta. A 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta soma aiki a Magarya tun 2005, ta haɗa kai da wasu ƙungiyoyin agaji domin zana yankunan da taswira ta manta.

Al'amarin ya shafi karkarar Magarya da Dungas ƙwarai: ƙauyen da ba shi cikin taswira, masu allurar rigakafi da motar majiyyata kan sha wuyar samunsa.

Sabon shiga ba ya bukatar ilmin kwamfuta mai zurfi. Sai ya yi rajista, ya soma da garinsu: ya gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba, ya sanya rijiya, kasuwa da hanyar da ruwa ke yankewa da damina. Sharaɗi guda, kada ya kwafo daga taswirar da ke da mai ita.

Hoton sama yana nuna rufin ɗakuna, amma sunan ƙauye sai mutumin Waca ko Dogo-Dogo. Don haka wajibi ne hukumomi su jawo ɗaliban yaƙi da jahilci cikin wannan gayya.