Matasan Garwa, sana'a ba ta girma a hannun mutum ɗaya

Duk wanda ya zaga Garwa zai ga matasa sun tashi tsaye: masu gyaran waya, masu rumfunan Orange Money da MoMo, masu matsar man gyaɗa, masu kai kaya a babur. Sai dai da yawansu ba sa wuce shago ɗaya. A ganina, matsalar ba ta tsaya ga rashin jari ba. Kowa so yake a ce shi kaɗai ne maigida.

Mu dubi Sodecoton, wanda aka kafa a 1974, hedkwatarsa kuma tana nan garinmu. A shekarun baya, gwamnati ta riƙe kashi 59 cikin ɗari na hannun jari, Geocoton na Faransa 30, SMIC 11. Ƙarfinsa kuwa yana wajen ƙungiyoyin manoma: ya ba su iri da taki bashi, ya sayi audugarsu, ya matse guryar ya fitar da man Diamaor. Ba shi da gonakin da za su ciyar da masana'antunsa, haɗin gwiwa ne ya tsaya masa.

Amma tarayya tana da nata haɗarin. Nexttel ya fara aiki a 2014, Viettel na Biyetnam da kashi 70, kamfanin Alhaji Baba Danpullo da 30. Rigima kan wanda zai riƙe ragama ta kai su kotu, MTN da Orange suka ci gaba da cin kasuwarsu. In manya masu lauyoyi sun sha wannan, ina ga abokai biyu da suka haɗa kuɗi da baki kawai?

Ni malamin makaranta ne, kuma tsofaffin ɗalibaina sukan zo neman shawara. Abin da nake faɗa musu shi ne a rubuta komai tun ana dariya: kason kowa, wanda zai sa hannu a banki, yadda za a raba riba, da yadda za a rabu in ta ɓaci. Tun 2016 doka ta sauko da jarin kafa kamfanin SARL zuwa sefa dubu 100, ofishin CFCE na rajistar kamfanoni kuma yana nan Garwa.

Haka nan mu daina ganin sayar da sana'a abin kunya ne. Wasu matasa biyu na Najeriya sun kafa Paystack, Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. A namu matakin, in maƙwabcinka zai rufe shago, saye shi da kayansa da kwastomominsa ya fi ka buɗe sabo a gefensa kuna karya wa juna farashi. In ya iya aikin, ka bar shi a ciki da kasonsa.

Masu matsar mai uku da suka haɗa inji ɗaya da suna ɗaya za su iya kai kaya har Marwa da Ngaundere. Kowa shi kaɗai, iyakarsa unguwa.