Hangen dala ba shiga birni ba: Halin da yaranmu ke ciki a Guangzhou

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa sarin kaya ƙasar Sin, daga Kantin Kwari yake ko Ƙofar Wambai, daga Agege ko Sabo ta Ibadan, da wuya a ce bai taka titin Zhanxi Lu ba. Titi ne da ke yamma da babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin Guangzhou, abin da sunan ke nufi ke nan ma da harshensu, kuma a nan ake sarin agogo da takalma da tufafi irin waɗanda ke cika shagunanmu. Alhaji yakan je ya yi mako biyu ko uku, ya zaɓi kaya, ya biya, ya hau jirgi ya dawo gida. Wanda ake bari a can shi ne yaron da zai bi sawun kayan, ya duba ingancinsu, ya yi ta jayayya da masu masana'anta, ya kai su wurin masu lodin kwantena, sannan da dare ya koma ɗakinsa shi kaɗai. A kan wannan yaro nake so mu tattauna yau, domin a ganina muna yi masa lissafin da bai dace ba, mu iyayensa da iyayen gidansa baki ɗaya.

Mai karatu, bari mu soma da lissafin kansa. Mu ɗauka maigida ya yanka wa yaronsa Dala 400 a wata. A shekarar 2024, lokacin da Dala ɗaya ta haura Naira 1,500, wannan kuɗi ya kai Naira 600,000, wato ya ninka mafi ƙarancin albashin Nijeriya na Naira 70,000 fiye da sau takwas. Da jin haka sai gida ya ɗauka yaro ya zama attajiri, wannan ya aiko a biya masa kuɗin makaranta, wannan ta aiko a yi mata kayan ɗaki. To amma shi yaron ba Naira yake kashewa ba, Yuan yake kashewa, kuma Dala 400 ba ta kai Yuan 3,000 ba. Mafi ƙarancin albashin da hukuma ta yanka wa leburan birnin Guangzhou daga watan Maris na 2025 shi ne Yuan 2,500. Ka ga ke nan wanda ake kira mai kuɗi a zango, a can kaɗan ya ɗara ɗan dako. Shi kuwa leburan Basine sau da yawa masana'anta ce ke ba shi makwanci, yana cin abincin garinsu, ba ya kuma biyan kuɗin biza.

Guangzhou ba ƙaramin gari ba ne, ƙidayar 2020 ta nuna mutanen cikinsa sun haura miliyan 18, don haka ɗaki kamar zinari yake. Al'adar masu gidaje a can ita ce ka ajiye kuɗin wata biyu a matsayin jingina, ka kuma biya na wata ɗaya kafin a miƙa maka makulli. Ɗakuna masu rangwame suna cikin tsoffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, inda benaye suka matsu da juna har mutum kan iya miƙa wa maƙwabcinsa hannu ta taga, rana kuwa ba ta leƙawa. A irin waɗannan unguwanni masu gida kan ƙara nasu a kan kuɗin wuta da ruwa, ga shi kuma zafi da gumin garin ba sa barin mutum ya yi barci babu na'urar sanyaya ɗaki. Sannan baƙo ba shi da zaɓi irin na ɗan gari, domin doka ta wajabta masa yin rajistar masaukinsa wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24, masu gida da dama kuwa ba sa son abin da zai haɗa su da hukuma, sai su ce ba sa ba baƙo haya. Wanda ya yarda ya bayar, shi ma ya san darajar yardarsa.

Abinci ma haka yake. Musulmi ba kowane shago zai shiga ya zauna ba. Ko dai ya lazimci taliyar Musulmin Sin, ko ya nufi Xiaobei inda ake dafa abincin Afirka da tsada, ko ya dafa da kansa bayan ya wuni yana yawo tsakanin kasuwanni. Idan ciwo ya zo, asibiti sai an biya kafin a duba mutum. Abin da kawai ke da sauƙi shi ne sufuri, tunda jirgin ƙarƙashin ƙasa daga Yuan 2 yake farawa. To ai ba a jirgi ake kwana ba.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da batun takardu. Yawancin yaranmu da bizar kasuwanci ko ta karatu suke shiga, ba ta aiki ba. Dokar shige da fice ta ƙasar Sin wadda ta soma aiki ranar 1 ga Yuli, 2013 ta tanadi tarar Yuan 500 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan ƙarewar bizarsa, har zuwa Yuan 10,000, ko tsarewa ta kwana 5 zuwa 15. Wanda aka kama yana aiki babu izini kuwa, tararsa daga Yuan 5,000 ce zuwa 20,000. Yaron da ke karɓar abin da bai kai 3,000 ba, ina zai samo wannan? Shi ya sa wasu suke komawa zaman ɓuya, ba sa fita sai dare. A watan Yuli na 2009 'yan Afirka suka yi zanga-zanga a ƙofar wani ofishin 'yan sanda na birnin bayan da wani ɗan Nijeriya ya diro daga bene yana gudun binciken fasfo. A watan Afrilu na 2020 kuma, lokacin annobar korona, duniya ta ga hotunan baƙaƙen fata da aka fitar daga gidajen haya da otal-otal suna kwana a bakin titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na wancan lokaci, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin, Zhou Pingjian, ya nuna masa ɓacin ransa. Wanda ke da jama'a a ranar ya sami inda ya raɓa. Wanda ke zaune shi kaɗai ya ji a jikinsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda mu mutanen zango, waɗanda muka fi kowa sanin zaman baƙunta, muka manta da abin da ya kafa mu. Kakanninmu fatake da suka riƙa kai natron da tufafi Gwanja suna dawowa da goro, ba su taɓa tura yaro wata ƙasa su ce ya nemi ɗaki da kansa ba. A Salaga akwai maigida, shi ke sauke baƙo, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan rigima ta taso, ladarsa kuma tana fitowa daga la'adar ciniki. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, da wannan tsari aka tafi Kumasi da Kete Krachi da Ankara. Da shi aka raya Sabo ta Ibadan tun kafuwarta a 1916, inda masu gida suka riƙe cinikin shanu da goro. Ci da sha da makwancin yaro a wuyan maigidansa suke, har aure shi ke yi masa. Yau mun riƙe sunan maigida da yaron gida, amma nauyin mun sauke shi, mun maye gurbinsa da ɗan albashin da muke ƙirgawa da Naira don ya yi mana yawa a ido.

Na san wani zai ce ai yaro sana'a yake koyo, kuma yana samun kamasho daga wasu 'yan kasuwar da yake yi wa hidima. Gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka tashi ta wannan hanya suka zama iyayen gidan kansu. Sai dai kiɗa ya sauya. Yanzu ɗan kasuwa yana zaune a shagonsa zai yi ciniki da masana'anta ta WeChat ko Alibaba, Sinawa da kansu sun iso Kano da Legas da kayansu, faɗuwar Naira tun daga watan Yuni na 2023 kuma ta rage yawan sari. Kamashon da ake taƙama da shi ya tsuke, kuɗin haya bai tsuke ba. Idan aka matsa yaro tsakanin mai gidan haya da buƙatun dangi, abin da ke biyo baya sananne ne: ya ɗora wani abu a kan farashi a ɓoye, ko ya karɓi kaya mai ƙarancin inganci ya ci rarar, ko ya taɓa kuɗin amana da niyyar zai mayar. Sai mu taru mu ce 'ya'yan zamani ba su da amana, alhali ba mu tambayi abin da ya ci jiya ba. Amana kuwa ita ce jarin Bahaushe na farko, da ita ya ci kasuwa daga Tarabulus har Gwanja.

Don haka nake kira ga alhazanmu, duk wanda zai ajiye yaro a Guangzhou ya yi masa lissafi da kuɗin garin, ya ɗauki nauyin ɗaki da biza da magani daban da albashi, a kuma rubuta yarjejeniya a gaban shaidu kamar yadda addini ya koyar. Wanda ba zai iya ba, ya haɗa kai da 'yan uwansa su kama gida ɗaya mai rajista, yara uku ko huɗu su zauna tare, tukunya ɗaya, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa tambaya kafin yaro ya tashi: wace irin biza ce a hannunsa, a ina zai kwana, wa zai tsaya masa? Su kuma yaran, duk Juma'a suna haɗuwa a masallacin da ake dangantawa da kabarin Sa'adu bin Abi Waƙƙas, wanda ba shi da nisa da Zhanxi Lu. Kada a tsaya ga gaisuwa kawai, a kafa asusun ko-ta-kwana, a kuma san hanyar ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke birnin tun kafin matsala ta zo.

Iyaye mata da 'yan uwa, ku ma ku sassauta. Hoton da ya turo yana tsaye gaban dogon bene, ba gidansa ba ne. Kafin ku tambaye shi abin da zai aiko, ku tambaye shi ko ya biya kuɗin ɗaki. Allah Ya tsare mana zuriya a duk inda neman halali ya kai su, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu, amin.