Ra'ayinmu: Dattijo Ya Warke, Amma Yaya Yake Rayuwa?

'Yan'uwa, idan muka ji an sallami dattijo daga asibiti bayan jinyar sankarar furosteti, wadda mutane da yawa ke kira sankarar mafitsara, mukan yi masa barka, mu koma harkokinmu. Furosteti wani ɗan ƙulli ne da maza ke da shi a ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar fitsari. Saboda wurin da yake, maganinsa yakan taɓa abubuwan da namiji ba ya son ambata ko ga matarsa. Binciken likitoci ya nuna cewa wahalar mutane da dama tana farawa ne bayan sallama.

A Birtaniya an yi wani babban bincike mai suna ProtecT, ƙarƙashin jagorancin masana na jami'o'in Oxford da Bristol. Daga 1999 zuwa 2009 an ɗauki maza 1,643 masu shekara 50 zuwa 69 waɗanda aka gano cutarsu kafin ta yaɗu, aka raba su gida uku: wasu aka yi musu tiyata, wasu gashin haske, wasu kuma aka ci gaba da sa musu ido da gwaje-gwaje. Sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna cewa bayan shekara 15, kusan mutum 3 cikin 100 ne cutar ta kashe, ko da wace hanya aka bi. Bambancin ya fito ne a yadda suke rayuwa. Wata shida bayan tiyata, kusan rabinsu suna sa audugar tare fitsari, kuma bayan shekara shida mutum 17 cikin 100 ba su rabu da ita ba. Rauni wajen kusantar iyali ya fi yawa ga waɗanda aka yi wa tiyata, yayin da masu gashin haske suka fi fama da matsalar hanji.

Wani binciken da aka buga a 2019, shi ma a Birtaniya, ya ji ta bakin maza fiye da 35,000. Kusan mutum 8 cikin 10 sun ce ƙarfinsu na namiji ya ragu sosai, kuma fiye da rabin waɗannan ba wanda ya ba su wani taimako a kai. Wannan a ƙasar da asibiti ke kusa da kowa ke nan.

Abin ya shafe mu kai tsaye. A Birtaniya, baƙar fata 1 cikin 4 ne ake sa ran zai kamu da cutar a rayuwarsa, alhali a cikin maza gaba ɗaya 1 ne cikin 8. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama maza, kuma da yawa sai ta yaɗu suke zuwa asibiti. A irin wannan hali magani yakan zama na rage sinadarin namiji a jiki, ta hanyar allura ko cire 'yan maraina. Yana sassauta ciwo, amma yana kawo kasala, zufa da jin zafi kwatsam, ƙiba, raunin ƙashi da baƙin ciki.

Shi ya sa idan dattijo ya daina zuwa taro, ko ya koma zama kusa da ƙofa yana fita a kai a kai, kada mu yi saurin cewa ya ja da baya. Mai yiwuwa tsoron fitsari ya kuɓuce masa a gaban jikoki ne ya tsare shi a gida. Matarsa ma tana ɗauke da nata nauyin: wanki, kuɗin magani, da miji wanda ya yi shiru ba ta san dalili ba.

Muna roƙon dattawa da Zumuntar Maza su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. A riƙa ziyarar mutum bayan sallama, ba ranar da ya dawo kaɗai ba, kuma namiji ɗan'uwansa ya tambaye shi a keɓe, ya rufa masa asiri. A gyara bayan gida a wuraren taronmu, ya zama kusa kuma da tsabta. A gayyaci likita ko ma'aikacin jinya ya yi wa maza bayani a taronsu. Zumuntar Mata kuma ta tuna da masu jinyar mazajensu.

Ga majinyata muna cewa, mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Akwai motsa jikin da ke ƙarfafa riƙe fitsari, akwai magunguna, kuma tafiya a ƙasa kullum tana rage kasala. Kafin a fara kowane magani, ku tambayi likita abin da zai biyo baya, ku je tare da uwargida. Wanda ya kai shekara 45, musamman idan mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, ya nemi shawarar likita kan gwajin jini na PSA tun kafin fitsari ya fara ba shi wahala.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu zuciyar kula da su.