Raddi Ga Masu Cewa Lauya Ba Shi Da Wurin Tsayawa A Gaban Alƙali

Tun da Zamfara ta buɗe ƙofa a 1999, jihohin Arewa 12 suka faɗaɗa hurumin shari'ar Musulunci, akwai maganar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisu da zaurukan karatu: wai lauya ba shi da abin yi a kotun shari'a, a bar alƙali da masu husuma, kowa ya yi magana da bakinsa. Yawancin masu wannan ra'ayi kishin addini ne ya motsa su, ban yi musu zaton sharri ba. Amma fiƙihun da suke son karewa bai goya musu baya ba, kuma cutar maganarsu a kan raunana take sauka.

Sukan fara da cewa aikin lauya kayan Bature ne. Hular gashi da baƙar riga kam daga Ingila suka zo, babu musu. Amma mutum ya tsaya ya yi husuma a madadin wani, wannan tun zamanin sahabbai ake yin sa. Imam Baihaƙi ya ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, ba ya son zaman husuma, sai ya riƙa wakilta ɗan'uwansa Aƙilu, da Aƙilu ya manyanta kuma ya wakilta Abdullahi ɗan Ja'afar. A mazhabarmu, Mukhtasar na Shehu Halilu ya halatta wa mai shari'a ya naɗa wakili guda ko da abokin husumarsa bai so ba. Gaskiya ne Sahnunu, alƙalin Ƙairawan, ya ƙuntata wa wanda ake ƙara a kan naɗa wakili, amma Ibn Asim a cikin Tuhfa, littafin da ke kan teburin alƙalanmu, ya bayyana cewa an bar aiki da wannan hanin. To wa ya kafa dokar hana lauyoyi shiga kotun alƙali a ƙasar nan? Gwamnatin mulkin mallaka ce, cikin dokokin kotunan En'e, kotunan yanki kuma suka gaje ta. Sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka rushe hanin, ciki har da hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 1985 a shari'ar Karimatu Yakubu da Paiko. Ashe abin da suke kira a koma masa shi ne gadon Bature.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce aya ta 105 a Suratun Nisa'i, wadda ta hana tsaya wa maha'inta, kuma lauya, in ji su, mai laifi yake wankewa don kuɗi. Na yarda da hanin baki ɗaya. Wanda ya san ɓarna ce ya karɓi wakilcinta don a danne haƙƙin wani, ya ci haram, kuma ƙa'idojin aikin lauyoyi su kansu sun hana gabatar da shaidar da aka san ƙarya ce. Sai dai wanda aka gurfanar ba maha'inci ba ne tukuna, tuhuma ce a kansa, hujja ce za ta tabbatar ko ta kore. A babin haddi ma shari'a ita ce ke neman shubuhar da za ta tunkuɗe hukunci. Mun san yadda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ta kau da fuska daga Ma'izu lokacin da ya zo da iƙirari.

A duba abin da ya faru a gabanmu. A Oktoban 2001 kotu a Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini hukuncin jifa, a Maris na 2002 kotu a Bakori ta yanke wa Amina Lawal irinsa. Dukansu babu lauya a zaman farko. Da lauyoyi suka shigo a matakin ɗaukaka ƙara, daga cikin fiƙihun Malikiyya suka zaƙulo hujjoji: mai iƙirarin zina yana da damar janyewa, cikin bazawara kuma ana iya jingina shi ga tsohon miji har shekara 5 saboda kwantaccen ciki, sannan dole a fayyace wa mutum tuhumar da ake yi masa. Ƙadi-ƙadin Sakkwato suka sallami Safiya a Maris na 2002, na Katsina suka sallami Amina ranar 25 ga Satumban 2003. Malaman shari'a ne suka karɓi waɗannan hujjoji. Da an bi shawarar masu korar lauya, da an zubar da jinin da shari'a ba ta halatta ba, kuma da sunanta.

Sai su ce ai alƙali adali ya ishi kowa. Alƙali da abin da ya ji yake hukunci. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim ya nuna Annabi da kansa ya gargaɗi masu husuma cewa wani ya fi wani iya tsara hujja, ana iya ba shi abin da ba nasa ba. Shiga kowace kotu ka ga wannan da idonka. Ga mace ta zo neman kuɗin ciyar da 'ya'yanta, goyo a baya, tana magana ƙasa-ƙasa cikin mayafi. Tsohon mijin ya kawo shaidu biyu. Alƙali ya tambaye ta ko tana da suka a kansu, ta ce babu, alhali ɗaya yaron shagonsa ne da ke ci a hannunsa, ba ta san wannan na iya kayar da shaidarsa ba. Aka zo i'izari, aka ce ko akwai sauran magana, ta ce ta bar wa Allah. Da wannan kalma ta rufe wa kanta ƙofa. Alƙalin bai yi zalunci ba, kuma ba shi da ikon ya sauko daga kujerarsa ya laƙƙana mata hujja, domin an wajabta masa daidaita masu husuma. Wannan gurbin wakili ne kaɗai ke cike shi.

Batun jinkiri kuwa, suna da gaskiya a wani ɓangare. Akwai lauyoyin da neman ɗage zama ya zame musu sana'a, gado ya shekara ba a raba ba marayu na jira. Maganinsa yana hannun alƙali: shi ke yanka ajali, shi ke da ikon ƙin ɗagewa, malaman mazhaba ma sun hana naɗa wakili ko sauke shi bayan an yi zama uku sai da uzuri. Rashin lauya shi ma jinkiri yake haifarwa, mafi tsawo. A Agustan 2020 wata babbar kotun shari'a a Kano ta yanke wa wani matashin mawaƙi hukuncin kisa. A Janairun 2021 Babbar Kotun Jiha ta rushe hukuncin ta ce a sake shari'a, dalilinta kuwa an yi zaman babu lauya. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma damar kare kansa da lauyan da ya zaɓa, duk hukuncin da ya tsallake wannan a sama zai faɗi.

Saura zargin cewa lauyoyi ba su san fiƙihu ba, kuma mai kuɗi kaɗai ke iya ɗaukarsu. Wasu kam ba su sani ba, ka ji lauya yana kawo wa alƙali ƙa'idar shaidar Ingila a shari'ar khul'i. Amma jami'o'in Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo sun daɗe suna yaye ɗaliban da suka haɗa dokar ƙasa da shari'a, abin da ya rage shi ne Makarantar Lauyoyi ta ba tsarin shari'ar alƙali cikakken gurbi a karatunta. Kuma in an kori lauya, mai kuɗi zai sami mai tsara masa magana a gida kafin ya fito, talaka ne zai shiga shi kaɗai. Hukumar ba da agajin lauya kyauta tana nan tun 1976, amma ofisoshinta sun fi yawa a manyan birane, shari'un talakawa kuwa a kotunan ƙananan hukumomi ake yin su. Nan ya kamata jihohin da suka ƙaddamar da shari'a su zuba kuɗi, su ɗauki lauyoyin da suka karanci Tuhfa, su ajiye su a kotunan ƙauye.