Ruwa Ba Ya Tsami Banza

 

Wata ranar Asabar cikin daminar da ta wuce, bayan an ɗauke ruwan sama, mun tsaya a kan gadar rafin Aboabo, kusa da mararrabar Anloga, tare da wani yaron gidanmu ɗan shekara tara. Rafin ya cika har ya kusa taɓa gadar. Ruwan baƙi ƙirin, yana tafe da ledojin fiya wata, da robobi, da tsummoki, har da mushen kaza. Yaron ya toshe hanci, ya ce, "Baba, wannan babbar gotar daga ina take fitowa?" Kafin mu amsa, sai wani dattijo da ya fake a gefenmu ya ce masa, "Jikana, wannan rafi ne. A cikinsa muka koyi iyo, kuma mun sha kama tarwaɗa a nan." Yaron ya yi dariya, a zatonsa wasan kaka da jika ake yi masa.

Wannan dariya ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Duk ranar da yaro ya tashi bai san rafin unguwarsu da wani suna ba sai gota, to, ba zai ji nauyin zuba masa shara ba, domin gota ai don ƙazanta aka gina ta. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bari mu duba yadda namu ya yi tsami, da abin da ya rage a hannunmu.

Kumasi gari ne da aka kafa a tsakanin rafuka. Subin yana ratsa tsakiyar birni ta Kejetia da Asafo. Aboabo yana gangarowa daga arewa, ta wajen Tafo, ya bi ta unguwannin da jama'armu suka fi yawa, har ya iso Anloga. Sisa yana bi ta gabas, Wiwi kuma yana ratsa harabar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah. Dukkansu kudu suke nufa, su zuba a kogin Oda. Oda ya zuba a Offin, Offin ya zuba a Pra, Pra kuma ya faɗa teku a Shama. Ledar da aka jefa a bayan gida a Aboabo tana da doguwar tafiya a gabanta, kuma duk inda ta bi akwai mutane.

Masu ƙasa, wato Asantawa, sun girmama waɗannan rafuka tun kaka da kakanni. A al'adarsu akwai ranakun da ba a zuwa rafi, akwai kuma abubuwan da ba a kusantar ruwa da su. Aƙidarmu daban ce da tasu, amma gaskiya ita ce waɗannan hane-hane sun tsare ruwan shekara da shekaru. Har sunayen unguwanni suna ba da shaida, domin Subin da Aboabo sunayen rafuka ne kafin su zama sunayen wuraren zama.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Thomas Bowdich ya zo Kumasi a 1817, zamanin Asantehene Osei Bonsu. A cikin littafin tafiyarsa da aka buga a 1819 ya ba da labarin fadamar da ta kewaye yawancin garin, da Musulmin da ya tarar suna da daraja a fada. Ya kuma yaba tsaftar garin: gidaje suna da makewayi da ake zuba wa tafasasshen ruwa kullum, ana kuma ƙona shara kowace safiya a bayan layi. Wannan fiye da shekara 200 ke nan, babu motar kwasar shara, babu famfo.

Kakanninmu fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigar Turawa Kumasi a 1896, da yawa daga cikinsu suka gangaro suka zauna, zango ya bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, gari ya ci gaba da cika. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta auka wa Kumasi, ta fi yin ɓarna a zango. Hukumar mulkin mallaka ta rushe gidaje da dama na tsohon zango, aka gina sababbi a wani wuri. Wannan darasi ne da bai kamata mu manta ba: idan cuta ta ɓarke a gari, unguwar talaka da baƙo ake fara nuna wa yatsa, kuma gidansa ake fara rushewa. A shekarun da suka biyo baya aka cike fadamar Subin, aka samu filin da Kejetia take a yau, rafin kuma aka tura shi cikin magudanar siminti. Daga nan ne ido ya fara sabawa da ganin rafi a siffar gota.

A 1945 masanin tsara birane Maxwell Fry ya zana wa Kumasi tsari mai yalwar itatuwa da filaye, inda aka so a bar kwaruruwan rafuka babu gini. Garin ya yi suna a matsayin birnin lambuna na Afirka ta Yamma. Sai dai jama'a sun ƙaru fiye da yadda tsarin ya zata. Ƙidayar 2000 ta sami mutum sama da miliyan ɗaya a Kumasi, ta 2010 kuma ta sami kimanin miliyan biyu. Wanda bai sami fili a tudu ba sai ya gangara fadama, ya zuba ƙasa da shara ya cike, ya kafa ɗaki.

Ita Anloga ta samo sunanta ne daga garin Anloga na yankin Volta, domin 'yan ƙabilar Ewe da suka zo daga can suna cikin waɗanda suka fara zama a wurin. Daga baya jama'a iri-iri suka shigo, har da namu. Unguwar ta shahara da kafintoci, kuma duk wanda ya san Kumasi a shekarun 1990 ya san tulin garin katako da ke bakin rafi, wani yana hayaƙi, wani ruwan sama yana kwashe shi. A ƙarshen shekarun 2000, lokacin aikin hanyar Oforikrom zuwa Asokwa, aka mayar da kafintocin sabon matsuguni a Sokoban, wanda aka gina da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Mutane da yawa sun zaci da tashinsu rafi zai warke. Garin katako ya ragu, amma ruwan bai washe ba. A nan ne ya kamata mu sunkuyar da kai, domin abin da ya rage a cikin rafin, mafi yawansa daga gidaje da kasuwanni yake fitowa.

Ga yadda abin yake aukuwa. Duk abin da ke ruɓewa, kamar sauran tuwo, da jinin yanka, da kashin dabbobi, da bayan gida, idan ya shiga ruwa sai ƙwayoyin halitta masu ruɓar da shi su cinye iskar da ke narke a cikin ruwan. Kifi da kaguwa da wannan iskar suke numfashi, don haka sai su mutu ko su gudu, ruwan ya yi baƙi, ya fara wari. Baƙin man da makanikai ke zubarwa yana shimfiɗuwa a saman ruwa ya hana sabuwar iska shiga. Ita kuwa leda ba ta ruɓewa. Tana taruwa a bakin kwalbati ta haɗu da yashi ta toshe hanya, sai ruwan damina ya rasa mafita ya shiga ɗakunan mutane. Idan ya janye sai ya bar kududdufai, sauro ya samu gidan haihuwa.

Wani zai ce, ai mu ba ma shan ruwan rafi, na famfo muke sha. Gaskiya ne ruwan famfon Kumasi daga madatsun Owabi da Barekese yake zuwa, a arewa maso yammacin gari. Amma su ma rafuka ne ke cika su, kuma wasu daga cikin masu cika Owabi ta cikin unguwanni suke bi. Saboda muhimmancin wurin ne aka sa shi cikin jerin fadamun duniya da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 1988. Sa'an nan, a ranar da famfo ya ɗauke, rijiya muke komawa, kuma rijiyar da ke kusa da rafi ko masai tana tsotsar abin da ke cikinsu ta ƙarƙashin ƙasa.

Akwai kuma wata hanyar da ruwan yake dawo mana. A gefen rafukan Kumasi akwai masu lambu da ke noman latas da kabeji da albasa mai lawashi, kuma da yawansu da ruwan rafi suke ban ruwa. Masana na cibiyar kula da ruwa ta ƙasa da ƙasa, wato IWMI, tare da malaman jami'ar Kumasi, sun auna irin wannan ruwa a shekarun 2000. Sun tarar ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida sun zarce nesa ba kusa ba mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 1989, wato 1,000 a cikin kowace mililita 100 ta ruwan da za a shayar da ganyen da ake ci ɗanye. Wannan latas ɗin shi ne ake yankawa a kan shinkafa da waken da muke saya wa yara da safe. Abin da muka zubar da dare, shi ne ke dawo mana a kwano. Ba laifin mai lambu ba ne shi kaɗai, domin da ruwan da muka aika masa yake aiki. A 2014 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, mafi yawa a Akra. Bayan wannan ne gwamnati ta ware Asabar ɗin farko ta kowane wata don tsaftace gari. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

'Yan'uwanmu na Kano sun san wannan labari a kan Jakara, wadda ta ratsa birni ta kusa da kasuwar Kurmi ta nufi madatsar Wasai. Na Yamai kuma sun san shi a kan Gunti Yena da ke zuba a kogin Kwara. Ciwon ɗaya ne, sunan rafin ne kawai ya bambanta.

A nan addininmu yana da magana. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san cewa babin tsarki ake fara karantawa, kuma ruwan da najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ba a alwala da shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma hana biyan buƙata a mashayar jama'a da kan hanya da inuwar da ake hutawa. Yaya za a yi mutum ya kiyaye digon najasa a bakin wandonsa, amma da asuba ya aiki yaro da fo ya juye a ruwan da maƙwabcinsa na gangare zai yi wanki da shi? Maƙwabtaka ba ta tsaya a katanga ba. Wanda ruwanka ke isa gare shi, shi ma maƙwabcinka ne, ko da ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Akwai abin da ya rataya a wuyan hukuma, kuma haƙƙinmu ne mu nema. A 2011 Gana ta fitar da manufar barin fili a gefen ruwa: mita 10 zuwa 60 ga manyan koguna, mita 10 zuwa 20 ga ƙananan rafukan da ba sa ƙafewa. Tun 2018 Anloga tana ƙarƙashin majalisar Oforikrom, Aboabo da Asawase kuma suna ƙarƙashin ta Asokore Mampong tun 2012. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin mata su riƙa zuwa wurin wakilan unguwa da buƙatu bayyanannu: a ajiye kwantenar shara kusa da jama'a, a riƙa kwashe ta kafin ta cika, a yashe magudanu kafin damina, a daina ba da izinin gini a bakin ruwa. Ba a yi wa uwar gida adalci ba idan aka ce kada ta zuba shara a rafi, alhali babu inda za ta kai ta.

Sauran kuma a cikin gidajenmu yake. Maigidan da ke da ɗakunan haya goma babu makewayi ko ɗaya, ya sani cewa yana da kaso a cikin abin da 'yan hayarsa ke jefawa a leda. Ya rage ɗaki guda ya gina makewayi, kuma a nisanta ramin da rijiya gwargwadon hali, domin ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar kimanin mita 30. Idan hadari ya haɗu, kada a fito da shara a zuba a kwata da nufin ruwa ya tafi da ita. Ranar Babbar Salla a haƙa rami a binne jini da tumbi. Makanike ya tara baƙin mai a jarka, akwai masu sayensa. Iyayenmu mata kuma su cire ganyen waje na latas da kabeji, su wanke sauran da ruwa mai gudu, su jiƙa shi a ruwan binega na wasu mintuna, domin binciken da muka ambata ya nuna ɗan gishirin da aka saba barbaɗawa ba ya kashe ƙwayoyin cutar yadda ake zato.

Daga ƙarshe, muna roƙon malaman makarantun allo da na Islamiyya da iyaye su koya wa yara sunayen rafukan garinsu. A kai su bakin gada a ce musu wannan Aboabo ne, wancan Sisa ne, ga inda suka fito, ga inda za su. A sa kakanni su ba su labarin tarwaɗa da iyo tun suna raye. Mun yi wa yaron gidanmu haka, kuma ranar da ya ga ƙanwarsa za ta jefa leda a kwata, da kansa ya karɓe ta ya kai kwando.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kare zuriyarmu daga cuta da ambaliya.